Yadda ake gano matsalar tururin fetur a mota da gyara ta, daga murfin tanki har gwangwanin gawayi

Duk wanda ya taɓa kwana a layin mai ya san wannan ɗabi'a tamu. Ka samu da ƙyar ka isa gaban famfo, ana zuba maka, bakin tiyon ya yi ƙas ya tsaya, sai ka ce wa yaron gidan mai, "Ƙaro mini samari, akwai sauran wuri." Wani ya dafa but ya yi ta girgiza motar, wani ya hau da taya ɗaya kan dutse don tankin ya karkata ya ƙara ɗauka. Bayan mako biyu ko uku fitilar cek injin ta kama, mota ta fara gardamar tashi duk lokacin da aka sha mai, warin fetur ya addabi masu zama a baya. Rabin motocin da nake gani da wannan cuta, daga nan ta samo asali.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake bi da ita a gareji. Ko a jona sikana, na'urar da ke karanta lambar matsala daga kwamfutar mota, a goge lambar a ce an gyara, ko a cire tiyo a cusa masa kusa a ɗaure, ko a sa mai mota ya yi ta sayen kaya ɗaya bayan ɗaya har aljihunsa ya gaji. Alhali aikin yana da tsari. In ka bi shi daga mai arha zuwa mai tsada, kana gwada kowane abu kafin ka cire shi, da wuya ka sayi abin da ba ka bukata.

Fara da sanin abin da ke ƙarƙashin motar

Fetur ba ya zama shiru a tanki. Ko mota tana ajiye, yana tashi ya zama tururi, balle a zafin Maris zuwa Mayu da ake haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai. A da, tankin mota iska kawai yake fesarwa waje. Jihar Kalifoniya ce ta fara hana haka a motocin 1970, sauran Amurka suka bi a 1971, saboda tururin yana cikin abubuwan da ke haddasa hazon da ke shaƙe manyan birane. Tsarin da aka ƙirƙiro shi ne ake rubutawa EVAP a sikana.

Abubuwa biyar ne a ciki. Akwai murfin tanki, wanda robarsa ke toshe bakin tsaf. Akwai gwangwanin gawayi, wanda 'yan kasuwar kayan mota ke kira kanista, baƙin akwatin roba cike da gawayi na musamman mai tsotse tururi kamar soso. A yawancin motocin bayan 2000 yana baya kusa da tanki, a tsofaffi kuwa yana cikin bonet. Akwai bawul ɗin zuƙa, a gaba kusa da injin, wanda kwamfutar mota ke buɗewa idan injin ya yi zafi don ya zuƙo tururin ya ƙone shi. Akwai bawul ɗin numfashi a jikin gwangwanin ko kusa da shi, ta nan iskar waje ke shiga. Sai sensar matsi, wadda ke faɗa wa kwamfuta ko tankin yana riƙe da matsi ko yana saki. Tiyoyi ne suka haɗa su duka.

Riƙe wannan da kyau, don duk gwajin da za mu yi a kansa ya dogara: idan ba wuta, bawul ɗin zuƙa a rufe yake, bawul ɗin numfashi kuwa a buɗe yake. Wuta ce ke buɗe na farko, wuta ce ke rufe na biyu.

Sannan ka san inda motarka ta fito. Motocin Amurka, irin su Camry, Corolla, Accord da Sienna da suka cika titunanmu, doka ta tilasta musu tsarin OBD-II, wato tsarin da mota ke binciken lafiyar kanta, tun 1996, kuma kwamfutarsu tana gwada tanki da kanta don neman yoyo. Motocin Turai, 'yan Beljiyam irin su Golf da 406, suna da gwangwani da bawul ɗin zuƙa, amma dokar Turai ba ta ce sai sun riƙa neman yoyo ba. Don haka a waɗannan sau da yawa hancinka ne zai faɗa maka, fitila ba za ta kama ba.

Mataki na ɗaya: karanta lambar, kada ka goge

Soket ɗin sikana yana ƙarƙashin sitiyari, mai ramuka 16. Ko ƙaramar na'urar nan ELM327 da ake haɗawa da waya ta isa karanta lamba. Rubuta lambar a takarda, ka kuma buɗe bayanan da kwamfutar ta adana na lokacin da abin ya faru: yawan man da ke tanki, zafin injin, gudun mota. Da ka goge, duk wannan ya tafi, kuma sai ka jira kwanaki kafin ya dawo.

Lambobin sun kasu gida-gida. P0455 babban yoyo ne, sau da yawa murfi ko tiyon da ya fice. P0457 kai tsaye murfin take zargi. P0442 yoyo ne ƙarami, kafar da ta kai kimanin milimita 1. P0456 kuwa kafa ce mai rabin milimita, wadda ido ba ya gani cikin sauƙi. Ita ce ta fi wahalar da kanikawa. P0441 na nufin tururi ba ya tafiya injin yadda ya kamata, P0496 kuma yana tafiya a lokacin da bai kamata ba. P0443 wayarin bawul ɗin zuƙa ne, P0446 da P0449 ɓangaren numfashi ne, P0451 zuwa P0453 sensar matsi. P0440 ba ta fayyace komai, cewa kawai take akwai matsala a tsarin.

Lamba unguwa take nuna maka, ba gida ba. In ta ce P0441, ba ta ce ka sayi bawul ba. Tiyon da ya toshe ma zai kawo ta.

Haɗa lambar da abin da mai mota ya gaya maka. In ya ce, "Oga, duk sanda na sha mai sai na yi ta ba ta ki kafin ta tashi," zargi bawul ɗin zuƙa ya maƙale a buɗe, tururin da sabon mai ya koro yana cika injin. In ya ce a gidan mai famfo sai yankewa yake yi ko da tankin ba komai, sai an riƙa ɗiga masa a hankali, to hanyar numfashi ta toshe. In an buɗe murfi iska ta daɗe tana huci da ƙarfi, nan ma numfashi za ka duba. In wari ne kawai, yoyo za ka nema.

Mataki na biyu: murfi da bakin tanki

Minti biyar ne, amma mutane sun fi tsallake shi. Cire murfin ka kai shi haske. Lanƙwasa robar da yatsa ka duba tsagewa. Rana da ƙura suna busar da ita har ta yi tauri kamar fata. Goge bakin tankin da tsumma mai tsabta, ka shafa yatsa a gefensa ko za ka ji tsatsa ko lotsewa. Motocin da suka fito daga jihohin Amurka masu ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, sukan zo da tsatsa a wuyan tanki, wani lokaci ta ci har ta huda shi ta baya inda ba a gani. Mayar da murfin ka murɗa har ya yi ƙara. In yana juyawa ba ya kamawa, ya mutu.

Kada ka sayi murfin "kowace mota" na bakin titi. Murfin asali yana da ɗan bawul a ciki da aka auna wa wannan tanki. Je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja da tsohon murfin a hannunka, ka nemi irinsa sak, ko na tokumbo mai lafiyar roba. Wanda ya toshe bakin tanki da leda ko tsumma kuwa, ba fitila kaɗai ke gabansa ba, gobara yake yawo da ita. Wasu motocin Ford ba su da murfi sam, ƙofa ce ke rufe kanta. A waɗannan ƙura ce ke hana ta zama, sai a share ta da mazurarin da ya zo da motar.

Mataki na uku: bawul ɗin zuƙa

A nan nake so ka daɗe, don shi ne ya fi lalacewa bayan murfi, kuma gwajinsa ba ya bukatar kuɗi.

Buɗe bonet ka bi siririn tiyon da ya taso daga bayan mota zuwa wani ƙaramin bawul mai soket na waya biyu, wanda ɗaya bakinsa ya shiga manifol, wato hanyar da iska ke bi ta shiga injin. Da injin a kashe, cire soket ɗin. Cire tiyon da ya fito daga gwangwani, ka bar wanda ya tafi injin a jone. Tayar da motar ka bar ta a silo. Ɗora ɗan yatsa a bakin bawul ɗin da ka buɗe. Tunda ba wuta, bai kamata ka ji komai ba. In ka ji yana tsotsar fatar yatsanka, ko kaɗan ne, bawul ɗin yana yoyo. Idan kana shakka, tsinka 'yar takarda ka ɗora. In ta manne, magana ta ƙare.

In bai tsotsa ba, kashe mota ka ciro bawul ɗin gaba ɗaya. Auna ƙafafunsa biyu da mita: yawancinsu suna bayar da om (ma'aunin turjiyar wuta) 20 zuwa 40, amma duba na motarka. In mita ta nuna a yanke yake, nadin cikinsa ya ƙone. Sai ka ba shi wuta kai tsaye daga batir da wayoyi biyu, nesa da inda fetur yake. Ya kamata ka ji ƙas, kuma iska ta wuce. Ka cire wuta ta daina wucewa. Yi haka sau goma ko fiye, don akwai wanda yake aiki sau bakwai ya maƙale a na takwas. Ƙarar kaɗai ba shaida ba ce, bawul yana iya yin ƙara bai rufe ba. Kuma kada ka sa baki kai tsaye ka hura. Yi amfani da famfon hannu ko tsabtataccen tiyo.

Kafin ka mayar, buga bakin bawul ɗin da na tiyon a tafin hannunka. In ka ga baƙaƙen ƙwayoyi kamar garin gawayi mai tsakuwa sun zubo, tsaya. Gwangwanin ya fashe daga ciki, gawayinsa ne ke bin tiyo. Na taɓa karɓar wata mota da aka canza wa wannan bawul sau uku cikin wata biyu. Mai ita dattijo ne, ya ce mini, "Ɗana, ni dai na gaji, ko a cire abin a jefar." Na ce, "Baba, a ba ni awa ɗaya." Da na cire tiyon na kaɗa shi a kan farin kwali, gawayi ya zubo ya kai cikin cokali. Kowane sabon bawul da aka saka, ƙwaya ɗaya ce ke shiga ta tokare shi. Muka canza gwangwani, muka cire tiyon daga ɓangarorin biyu muka busa shi da iska, bawul ɗin da ke jiki ma bai bukaci canji ba bayan an kakkaɓe shi.

Idan bawul ɗin lafiya lau amma lambar P0443 ce, koma kan soket. Kunna ki, ka auna: a yawancin motoci ƙafa ɗaya tana da wutar batir, ɗayar kuma kwamfuta ce ke ba ta as, wato negatif. Ba wuta, duba fis. Akwai wuta, bi wayar a hankali, musamman inda ɓera zai iya kaiwa.

Mataki na huɗu: shiga ƙarƙashi

Kai motar kan rami, ko ka ɗaga ta ka tokare da ƙarfen tsayawa. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Kafin ka taɓa komai, duba kewayenka. Kada a sami mai walda a kusa, ko janareto, ko mai shan taba, ko kaskon mai shayi. Cire kan batir na as. Tankin da ya kusa ƙarewa ya fi cikakke haɗari, don tururi ne ke kamawa da wuta.

Haska gwangwanin da tocila. Nemi tsagewa, musamman wurin da tiyoyi suka shiga, don ramukan hanya da tudun rage gudu suna dukansa. Bi kowane tiyo da hannu, ka lanƙwasa shi kusa da kilif, nan ne yake fara tsagewa. Cire gwangwanin ka ɗaga: in ya yi nauyi fiye da kima, ko fetur na ɗiga, ko ka girgiza ka ji gawayi na yawo, ya gama aiki. Ba a wanke shi, ba a shanya shi a rana a mayar. Canzawa ake yi.

Bawul ɗin numfashi gwajinsa kishiyar na farko ne: ba wuta iska ta wuce sakayau, ka ba shi wuta ya toshe gaba ɗaya. A ƙasarmu ƙura ce babbar abokiyar gabarsa. Bayan hunturu ɗaya a hanyar da ba kwalta, matatar da ke bakinsa takan cika da jar ƙasa, in damina ta zo ta zama laka ta bushe. Buɗe tiyon da ke shaƙar iskar waje ka leƙa har ƙarshensa. Na sha samun gidan zanzaro a ciki, ya toshe shi ƙam. Wannan ba a nan kaɗai ake gani ba: a 2011 kamfanin Mazda ya janye dubban motocin Mazda6 a Amurka saboda wani gizo-gizo da ke saƙa a cikin wannan tiyo, abin da ke iya sa tanki ya matse har ya tsage. In numfashi ya toshe, injin yana zuƙa, iska ba ta shiga, sai tankin ya lotse ciki.

Wuri na gaba shi ne wanda nake fara zargi a duk motar da ta yi shekara biyu a hannun mutanenmu: saman tanki, ƙarƙashin kujerar baya a motoci da yawa, inda famfon mai yake. Gurɓataccen man 'yan bumburutu da yawo da tanki kusan ba mai suna kashe famfo, don haka ana yawan buɗe wurin. Mai gyara ya mayar da tsohuwar robar da ta kumbura, ko ya buga zoben da ke riƙe famfon da guduma ya zauna a karkace, ko ya manta kilif ɗaya. Ɗaga kujerar, buɗe marfin, ka shinshina. In ka ga danshi ko ƙura ta manne ta yi baƙi a kewayen zoben, ka samu. Sabuwar roba ake sakawa, ba gam ba.

Mataki na biyar: hayaƙi, don ƙaramin yoyo

Idan duk wannan bai nuna komai ba kuma lambar P0442 ce ko P0456, sai injin hayaƙi. Nemi garejin da ke da shi, kuɗin gwajin bai kai na kayan da za ka saya a kan zato ba. Ana rufe bawul ɗin numfashi da sikana mai iya ba da umarni, ko a ba shi wuta kai tsaye, ko a toshe bakinsa. Sai a tura hayaƙi ta tiyon bawul ɗin zuƙa, ko ta wani baki mai koren murfi da motoci da yawa ke da shi a cikin bonet. In za a cire allurar da ke cikin wannan baki, a tuna zarenta na hagu ne, ta hannun dama ake kwance ta. An karya da yawa saboda rashin sanin haka.

A bar murfin tanki a buɗe har hayaƙi ya fito ta nan, sannan a rufe. Sai a bi da tocila mai ƙarfi, a inuwa, inda ba iska. Yi haƙuri, ƙaramar kafa takan ɗauki mintoci kafin ta nuna. Ruwan sabulu a kan mahaɗai yana taimakawa.

Matsin da ake amfani da shi kaɗan ne ƙwarai, wajen rabin psi (ma'aunin matsin iska), kada ya wuce 1. Kada ka kuskura ka jona injin iskar mai faci a tanki; zai fasa sensa, ya ɓalle tiyo, ya kumbura tankin. Kuma kada a hura hayaƙin taba ko na garwashi a ciki, ko da wani ya ce ya saba yi.

Sensar matsi ita ce ta ƙarshe a zargi. Buɗe murfin tanki, kunna ki, ka duba abin da take nunawa a sikana. Tunda tankin a buɗe yake, ya kamata ta nuna daidai da iskar waje. In ta kafe a can sama ko can ƙasa, auna wayoyinta uku: bolt 5 a ɗaya, as a ɗaya, saƙo a ta ukun. Sai wayoyin sun tabbata lafiya za ka sayi sabuwa.

Masu Toyota na wajajen 2005 zuwa sama, akwai abin da ya kamata ku sani. Da yawansu suna da ɗan famfo a jikin gwangwani wanda ke gwada tanki bayan kimanin awa 5 da kashe mota. In ka ji wani siririn kuka daga bayan motarka da tsakar dare, aikinsa yake yi, ba lalacewa ba ce. Idan lambobi P043E, P043F, P2401, P2402 da P2419 suka fito tare, wannan famfon da abin da ke kewaye da shi za a duba, sau da yawa ruwa ko ƙura ne suka shige shi.

Bayan gyara

Yanzu ne za ka goge lambar. Amma mutuwar fitila a wannan lokacin ba ta nufin komai, kai ka kashe ta. Shaidar gyara ita ce kwamfuta ta sake yin gwajinta ta ce ta gamsu, kuma tana da sharuɗɗa. Motoci da yawa ba sa gwajin sai man tanki yana tsakanin kashi 15 da 85 cikin ɗari, injin ya kwana ya huce, kuma zafin gari bai wuce wajen digiri 35 ba. Ka ga ke nan a bazararmu mota tana iya yin kwanaki ba ta gwada ba. Don haka zuba rabin tanki, ka fita da sassafe bayan asuba, ka yi tafiyar minti ashirin zuwa talatin, wani a cikin gari wani a buɗaɗɗen titi. Maimaita kwana uku ko huɗu. Sai ka jona sikana ka duba ko gwajin EVAP ya nuna ya kammala, kuma ba wata lamba mai jiran fitowa. Yawancin waɗannan lambobi sai matsalar ta bayyana a tafiya biyu a jere kafin fitila ta kama, shi ya sa mai mota ke komawa gida da murna, ya dawo bayan mako da fushi.

Kafin ya tafi, ina gaya wa kowane mai mota abu ɗaya, ko da ya fi ni shekaru: "Alhaji, in famfo ya yanke da kansa, a tsaya nan." Sararin da ya rage a saman tanki an bar shi ne da gangan don mai ya sami wurin kumbura in ya ji zafi. Abin da aka ƙara bayan nan yana iya bin tiyo ya gangara cikin gawayi, wanda aka yi don tururi ba don ruwa ba. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ke lissafin lita, na sani, amma litar da aka tura da girgiza ita ce ke jiƙa gwangwanin. In tafiya mai nisa ce kuma ana tsoron rashin mai a hanya, a tsaya a gidan mai na gaba a ƙara tun tanki yana rabi.